Tace Jumlar Ingilishi: Matsalar Zaɓen Kalma a Rubutun Ɗaliban Gusau da Tsafe da Bunguɗu

Ɗalibin da ya fito daga makarantun sakandare na Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ba ya samun gurbi a Jami'ar Tarayya Gusau, wadda aka kafa a 2013, sai ya ci darasin Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO. Duk da haka, cin jarrabawa bai raba shi da tuntuɓe wajen zaɓen kalma ba. Galibi tushen matsalar shi ne bambancin yadda harsunan biyu suke rarraba ma'ana.

A Hausa, saiwa ɗaya takan ɗauki ma'anoni biyu masu fuskantar juna, sigar aikatau ce take rarrabe su, kamar yadda F. W. Parsons ya fayyace a nazarinsa na azuzuwan aikatau a 1960. Ana cewa "ya ari littafi" da "ya ara masa littafi", ko "ya ranci kuɗi" da "ya ranta masa kuɗi". Ingilishi kuwa kalmomi biyu ya tanada, wato "borrow" da "lend". Idan ɗan kasuwa a Bunguɗu ya rubuta "I borrowed him money" a takardar yarjejeniya, ya bar ƙofar jayayya a buɗe game da wanda ake bi bashi.

Haka nan kalmar "ji" ta ƙunshi sauraro da shaƙar ƙamshi da fahimta da raɗaɗin ciwo. Ɗalibar kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe da ta rubuta "the patient is hearing pain" ta yi tunani daidai da Hausa, amma "feeling" ce kalmar da rahoton asibiti yake buƙata. Manhajar gyaran rubutu ta kwamfuta ba lallai ta gano wannan ba, domin ƙa'idar rubutun kowace kalma daidai take.

Saboda haka, tace jumla yana buƙatar matakai uku. Na farko, marubuci ya tantance wanda ya yi aikin da wanda aikin ya faɗa wa. Na biyu, ya mayar da jumlar zuwa Hausa, ya lura ko aikataunta mai harshen damo ne. Na uku, ya duba ƙamus mai misalan jumloli, irin ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990.

Wannan ya nuna cewa malamin da ya san nahawun Hausa sosai ya fi saurin gane inda Ingilishin ɗalibinsa ya karkace, ya kuma fi iya bayyana masa dalili.