Kada Mu Zuba Tafasasshen Ruwa a Rariya

Iyaye mata da magidanta, idan rariya ta toshe, da yawanmu mukan tafasa ruwa mu kwarara a ciki. Muna roƙon a daina.

Bututun ruwan datti yawanci na roba ne, wato PVC. Zafin da yake jurewa bai wuce digiri 60 ba, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Sai robar ta yi laushi, mahaɗarta ta saki, ƙazamin ruwa ya riƙa tsiyaya kusa da ɗakunanmu, sauro ya samu gida. Maiƙon da ya narke kuma can gaba yake sake daskarewa, inda hannu ba ya kaiwa.

Babban haɗarin shi ne ƙuna. Tunda hanya a toshe take, ruwan yakan dawo ya malala inda yara suke wasa ba takalmi.

Mu kwashe ragowar tuwo da maiƙo kafin wanke-wanke. In ta toshe, mu zaƙulo dattin da waya, ko mu sanar da kwamitin tsafta.

Wanda ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsafta na minti 20. Kada a shafa manja ko man goge baki. A kai shi asibitin sansani nan take.