Maharbi, Babbar Bindiga da Dokar Ƙasa

Farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan, kuma har gobe maharbi yana da daraja a Dogo Nini da sauran unguwannin Potiskum. Amma dajin da kakanninmu suka sani ya ragu ƙwarai. Saboda haka ya wajaba kowane mai riƙe da bindiga ya san abubuwa uku.

Na ɗaya, irin bindigar. Giwa da ɓauna da dorina suna da kaurin fata da ƙashi, ƙaramin harsashi rauni kawai yake yi musu, kuma ɓaunar da aka raunata takan juyo kan maharbi. Wannan ne ya sa kamfanin Holland & Holland na London ya fito da harsashi mai lamba .375 a 1912. Faɗinsa milimita 9.5 ne, nauyinsa yakan kai giram 19. Bayan kowane harbi, maharbi yakan ja sakatar bindigar baya ta tofar da kwanso, ya tura ta gaba ta ɗora sabo.

Na biyu, ɗurin harsashi. A Amurka wasu maharba sukan sake cika kwanson da aka harba, suna auna albarushi da ma'auni mai kyau. Albarushin zamani ya fi na bindigar toka ƙarfi nesa ba kusa ba; in ya ɗara ƙima, bindiga tana iya tarwatsewa a fuskar mai ita. A Nijeriya Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera ko harhaɗa harsashi a gida. Izinin mallakar bindigar farauta ta zamani yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, na bindigar toka kuwa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke kula da shi.

Na uku, dabbar da za a harba. Izinin bindiga daban, izinin farauta daban. Doka ta 11 ta 1985, wadda aka ƙara wa tarar ta nauyi a 2016, ta kare namun dajin da ke neman ƙarewa, kuma tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. Dalili a fili yake: giwa takan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa guda, sai kuma bayan shekara huɗu ko biyar. Harsashi ɗaya yana shafe abin da daji ya yi shekaru yana reno.

An keɓe gandun dajin Yankari tun 1956, gandun Tafkin Cadi kuma, wanda ya haɗa da fadamun Bade da Nguru a Jihar Yobe, tun 1991. Ba a farauta a cikinsu.

Ana kira ga sarakunan baka da masu unguwanni su bayyana wa mutanensu wannan. Wanda giwa ko dorina ta shiga gonarsa ya sanar da dagaci da ma'aikatan gandun daji, kada ya ɗauki bindiga da kansa.