Lemon citta mai kumfa: yaushe yake komawa giya?

A Amurka, haɗa giya a gida abin nishaɗi ne, tun bayan da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta shi a 1978. Bidiyoyinsu sun cika TikTok, har ka ji kana son gwada salon da lemon citta.

To amma fa a kula. Kumfar nan ba haka kawai take zuwa ba: yis ne ke cin sukari, yana fitar da iska da barasa a tare. A zafin Kano, 'yan kwanaki a rufaffiyar kwalba sun isa, kwalbar ma tana iya fashewa. In tsaftataccen lemo kake so, haɗa, sa a firji, shanye a ranar.