Sabulun Wankin Mota da Lafiyar Fenti a Birnin Kudu da Gwaram

Motocin da ke zirga-zirga tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, da waɗanda ke bin babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil, suna fama da abubuwa biyu masu cin fenti, wato ƙurar hunturu, wadda iska ke kwaso mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da kuma zafin bazara da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Wannan ne ya sa wanki ya zama dole a kai a kai, sai dai abin da aka fi zubawa a bokiti a wuraren wankin mota shi ne garin omo ko sabulun ruwa na wanke-wanke, alhali ba don jikin mota aka haɗa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne, kuma shimfiɗar da ke can sama, wadda ba ta da launi, wadda kuma masu fenti ke kira kiliya, ita ce ke ba da sheƙi tana tare hasken rana, ko da yake kaurinta bai kai na silin gashi ba. A kanta ake shafa abin kariya. Wanda aka fi sani shi ne kakin kanuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil, yakan kuma yi makonni zuwa wata biyu ko uku kafin ya suɗe. Akwai man kariya na haɗin masana'anta, mai kama jikin fenti sosai har ya yi watanni da dama, sannan akwai rufin siramik mai tsada, wanda kan yi shekaru. Aikinsu duka ɗaya ne: su hana ruwa da ƙura da kashin tsuntsu manne wa kiliyar.

Kaifin sabulu ana gane shi da ma'aunin pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14, inda 7 ke nuna tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne kamar ruwan lemun tsami, abin da ya yi sama kuma mai kaifi ne irin na kanwa da toka. Garin wankin tufafi yakan kai 10 ko 11, domin an zuba masa sinadarin soda da zai narkar da maiƙo da gumi daga yadi, kakin mota kuwa dangin maiƙo ne, don haka duk wanki sai ya rage shi, ga ƙwayoyin garin da ba su narke ba suna karce fenti idan an cuɗa. Sabulun wanke-wanke bai kai haka kaifi ba, amma shi ma don yanke maiƙo aka yi shi. Yawan kumfa, wanda da shi ne mai mota kan gamsu cewa an yi masa aiki, ba ya nuna kyan sabulu ko kaɗan.

Sabulun da ya dace shi ne wanda aka rubuta a jikin robarsa cewa na mota ne, pH ɗinsa na kusa da 7, kuma ba ya cire kaki. Alamarsa ta biyu ita ce santsi, domin idan aka murza ruwansa tsakanin yatsu za a ji yana sulɓi, sulɓin nan kuwa shi ke sa ƙwayar ƙura ta zame maimakon ta ja layi. Ya kamata a bi ma'aunin da aka rubuta, galibi murfi ɗaya ko biyu a bokiti, tunda ƙara yawa ɓarna ce kawai. Direban haya mai tsohuwar Golf da ba ta taɓa ganin kaki ba yana iya cewa wannan kashe kuɗi ne a banza, kuma yana da 'yar hujja, sai dai robobin gilashi da na bamba su ma omo na busar da su har su yi fari.

Duk da haka, sabulu mai kyau ba ya hana ɓarna idan hannu bai iya ba. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓurɓushin yashi mai tauri, saboda haka goge busasshiyar mota da tsumma da safe, al'adar da ta zama ruwan dare a tashoshi, ita ce ke haifar da siraran layukan da ake gani suna zagaye a jikin baƙar mota idan rana ta haska. Daidai shi ne a fara watsa ruwa, a yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, a wanke daga rufi zuwa ƙasa, a ware wa tayoyi nasu soson. Ruwan rijiya da na burtsatse kan ƙunshi ma'adinai da ke barin farin tabo idan ya bushe a kan ƙarfe mai zafi, don haka inuwa ko sanyin safiya ya fi, a kuma tsane jikin nan take da kyalle mai laushi. Idan bayan ɗauraya ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya a kan bonet, kakin yana nan, idan kuwa ya baje ya kwanta, lokacin sake shafawa ya yi.