Sinadaran Roba da Ciwon Daji: Rubutun Gado da Karatunsa

Roba ba ita kaɗai take fitowa daga masana'anta ba. Akan haɗa ta da waɗansu sinadarai domin ta yi taushi, ko tauri, ko ta jure wa rana. Tambayar da ta dami masana ita ce: shin waɗannan sinadarai suna iya jawo ciwon daji, kuma ta wace hanya?

A dā an fi ɗauka cewa abin da ke haddasa wannan ciwo shi ne wanda ya lalata ƙwayoyin gado, watau rubutun da ke cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki. Daga baya aka gane akwai hanya ta biyu. Rubutun yana iya zama lafiya lau, amma karatunsa ya canja, har a farkar da ƙwayar gadon da ya kamata ta yi barci, ko a toshe wadda aikinta shi ne tsare jiki.

Misali mafi shahara shi ne bisfinol A, wanda ake yin roba mai tauri da shi, ake kuma shafe cikin gwangwanin abinci. Tun shekarar 1936 Dodds da Lawson suka nuna a Landan cewa yana kwaikwayon istirojin, sinadarin jikin mace. A 1938 Dodds da abokan aikinsa suka haɗa wani mai kama da shi wanda ya fi shi ƙarfi, mai suna DES, aka riƙa bai wa masu ciki. Sai a 1971 likitoci a Boston suka gano wani irin ciwon daji a jikin 'ya'ya matan da uwayensu suka sha shi. Ashe ɓarnar da aka yi tun a mahaifa tana iya ɓuya shekara ashirin.

A 2007, a Jami'ar Duke ta Amurka, aka ciyar da ɓeraye masu ciki da bisfinol A. Cikin 'ya'yansu aka sami ƙarin masu rawayan gashi, irin waɗanda suka fi saurin ƙiba da kamuwa da ciwon daji. Ƙwayar gadon ba ta taɓu ba. Alamomin da ke rufe ta ne suka ragu.

To, amma ɓera ba mutum ba ne. Ba a yin irin wannan gwaji a kan ɗan Adam, kuma da wuya a sami wanda sinadarin bai taɓa shiga jikinsa ba, balle a kwatanta. Saboda haka hukumomi sukan bi hanyar rigakafi. Tarayyar Turai ta hana shi a kwalaben shayar da jarirai a 2011, sannan a ƙarshen 2024 ta zartar da hana shi a mazuban abinci.

Abu guda dai ya tabbata: zafi da maiƙo suna ƙara fitar da sinadarai daga roba zuwa abinci. Don haka mai zuba koko ko miya mai zafi a roba, gara ya koma ga kwanon sha ko tangaran, musamman in abincin na mai ciki ne ko na jariri.