Mene ne tsara darasin karatu daga nesa?

Tun da aka rufe makarantu a 2020 saboda korona ake yawan jin batun karatu daga nesa, wato malami yana wani gari, ɗalibi yana wani. Tsara darasin kuwa shi ne aikin da ake yi tun kafin a fara: a rarraba manhaja kashi-kashi, a zaɓi hanyar isar da ita, littafi ko rediyo ko waya, a kuma tanadi yadda za a gwada fahimtar ɗalibi.

Karatu daga nesa ya daɗe a Arewa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da littattafai da haɗuwar ƙarshen mako take horar da malaman firamare. A 2002 aka farfaɗo da jami'ar NOUN, wadda ita ma daga nesa take koyarwa.

Muhawarar yanzu ita ce: darasin bidiyo kai tsaye, ko wanda aka naɗa? Na kai tsaye yana ba da damar tambaya nan take, amma yana cin data. Malamin firamare a Nariya ta ƙaramar hukumar Kibiya, mai zuwa gona da damina, mai kai wayarsa caji shago, gajeren saƙon muryar da zai saurara bayan isha'i ya fi masa amfani. Masu tsarawa daga birni sukan manta da irinsa.