Masu Hawan Ƙanƙara: Takalmi Tukuna, Gatari Daga Baya

Ran 3 ga watan Yuni 1950, waɗansu Faransawa biyu, Maurice Herzog da Louis Lachenal, suka taka ƙwanƙolin dutsen Annapurna a ƙasar Nepal, mai tsawon mita 8,091. Kafin su, ba mahaluƙin da ya taɓa kaiwa bisa dutsen da ya wuce mita 8,000. Amma ba su sauko da ƙafafunsu yadda suka hau da su ba. Takalman da suka sa marasa nauyi ne, sanyi ya ratsa su, yatsun ƙafa suka daskare. A hanyar komawa gida, likitan ayarin, Jacques Oudot, ya riƙa yanke yatsun da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Dukansu biyu sun rasa yatsun ƙafa, Herzog kuwa, wanda safar hannunsa ta suɓuce masa a bisa dutsen, ya rasa har da yawancin na hannu.

Mun fara da wannan labari ne domin masu karatu su gane cewa zancen takalmi a wurin waɗannan mutane ba zancen ado ba ne. A ƙasashen sanyi, ruwan da ke gangarowa daga kan dutse yakan daskare da hunturu, ya tsaya cik kamar bango. Wannan bango ne mutane ke hawa, a wurare kamar Rjukan ta ƙasar Norwe da Ouray ta Amurka. A watan Janairu 2015 ma wani mutumin Kanada, Will Gadd, ya hau ƙanƙarar da ta daskare a gefen babban mafaɗar ruwan nan ta Niagara. Kayan aikin uku ne: takalmi, da kofaton ƙarfe mai haƙora da ake ɗaura masa, wanda ake kira kirampon, sa'an nan gatari biyu, ɗaya a kowane hannu.

Sabon shiga yakan fara zuba kuɗinsa a kan gatari, gama shi ne mai ƙyalli, shi ke fitowa a hoto. A ganinmu ya soma daga wutsiya. Mai hawan ƙanƙara a kan ƙafa yake tsaye, kuma nauyin jikinsa duka yana bisa haƙora biyu na gaban kofaton, waɗanda suka shiga ƙanƙara 'yar tazara kaɗan. In ƙasan takalmin yana lanƙwasawa, sha-raɓa za ta gaji nan da nan, kofaton kuma yana iya ɓallewa mutum yana tsakiyar bango. Saboda haka a Ingila ake sa wa takalma lamba daga B0 zuwa B3, kofato kuma daga C1 zuwa C3. Na hawan ƙanƙara mai tsaye shi ne B3, watau wanda ko ka kama shi da hannu biyu ba za ka iya tanƙwara shi ba. Ƙa'idar kuwa ita ce kada lambar kofato ta wuce ta takalmi.

To, sai gwaji, wanda nan ne aikin yake. Da yamma ake gwada takalmi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura saboda zirga-zirgar yini, kuma da safar da za a hau da ita. Mutum ya sa ƙafa bai ɗaure igiya ba, ya tura yatsu har su taɓa gaba. In yatsan hannu ɗaya ya shiga bayan diddige, tsawon ya yi. Sa'an nan ya ɗaure sosai, ya sami matakala ya yi ta harbinta da ƙafa, gama haka zai wuni yana harbin ƙanƙara. In yatsu suna bugun gaban takalmin, farce zai yi baƙi ya fita. Daga nan ya tsaya a bakin matakalar da ƙarshen yatsu kaɗai, ya lura da diddigensa. In yana ɗagawa a cikin takalmin, bororo na tafe, kuma haƙoran gaba ba za su zauna daram ba. Abin nema ke nan: diddige a kame, yatsu a sake.

Me ya sa ake nace wa sakin yatsun? Takalmi ba ya kawo ɗumi, tsare wanda jini ya kawo kawai yake yi. Da zarar ya matse, jini ya rage gudu, sanyi ya sami ƙofa. Wannan ne ya sa mai ƙara safa ta biyu a cikin takalmin da ya riga ya cika shi yake jawo wa kansa abin da yake gudu. Safar auduga ma ba a sa ta, domin tana shan gumi ta riƙe. Ta ulu ake nema. Mugun abin kuma shi ne, in yatsu sun soma daskarewa zafin yakan ɗauke, mutum ya yi tsammanin ya sami sauƙi. Likitoci sun hana murza irin wannan ƙafa ko kai ta bakin wuta. A ruwa mai ɗumi ake narkar da ita, kimanin digiri 37 zuwa 39, kuma sai an tabbata ba za ta sāke daskarewa ba. Masu kwana a kan manyan duwatsu sukan sayi takalmi mai ruɓi biyu, su zare na cikin su kwana da shi don ya bushe.

Kofaton kuwa aikin maƙera ne tun asali. A 1908 wani Bature ɗan Ingila, Oscar Eckenstein, ya tsara mai haƙora 10, maƙeri Henry Grivel na garin Courmayeur a Italiya ya ƙera shi. A 1929 ɗansa Laurent ya ƙara haƙora biyu masu duban gaba. An ga amfaninsu a watan Yuli 1938 a bangon arewa na dutsen Eiger, ƙasar Suwizalan. 'Yan Ostiriya biyu suna gaba: Fritz Kasparek da mai haƙora 10, Heinrich Harrer ba shi da kofato sam, suna ta sassaƙa matakai da gatari. Sai ga Jamusawa biyu, Anderl Heckmair da Ludwig Vörg, masu haƙora 12, suka cim musu kamar masu gudu, ko da yake sun taso kwana guda bayansu. Su huɗun suka haɗu suka kai ƙwanƙoli ran 24 ga wata.

Mai saye ya tafi kanti da takalminsa, gama ba kowane kofato ke dacewa da kowane takalmi ba. In an daidaita shi da kyau, zai manne ko an ɗaga takalmin ba a ɗaure maɗauri ba. A duba kuma akwai faifan roba a ƙarƙashinsa, wanda ke hana dusar ƙanƙara dunƙulewa ta binne haƙoran.

Sai gatari. Na tafiya dogo ne, ana dogara shi kamar sanda, amma na hawan bango gajere ne, kimanin santimita 50, mai lanƙwasasshiyar ƙota. Ba'amurke Yvon Chouinard ne a 1966 ya sa maƙeran Charlet na Chamonix suka lanƙwasa masa bakin gatari don ya riƙe ƙanƙara, Hamish MacInnes na Sikotilan kuma ya fito da na ƙarfe zalla, gama ƙotar itace takan karye. A gwada shi da safar hannu a hannu. In mariƙin ya yi wa mutum kauri zai riƙa damƙa da ƙarfi, hannu ya mutu da wuri. Gatari dai ana iya aro ko haya, har mutum ya san wanda ya dace da shi. Takalmi ne ba a aro.

In baki ya dakushe, da magagari ake wasa shi a hankali, haka ma haƙoran kofato. Ba a kai su ga injin wasa wuƙa, domin zafinsa yana kashe ƙarfen.